Wai Araha Ba Ta Ado

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tun ina yaro na ke jin wannan magana, ni ma kuwa na sha faɗa wa masu kawo mini ɗinki, in sun zo da yadi sako-sako suna so ya fito kamar shadda. Amma ban taɓa zama na auna maganar ba sai a shekarar 2024, sa'ad da Allah ya kawo lokacin aurar da 'yata ta fari. Abin da na gani cikin wata huɗu da muka yi muna shirin wannan aure shi na ke so in ba ku labari, 'yan'uwana waɗanda muka yi karatu da girma, ko Allah ya sa wani ya tsinci abin da zai amfane shi.

Ni tela ne a birnin Kano, shekarata 31 ina taka keke. Ban shiga boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta soma fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na dare, na koyi karatu da rubutu da ɗan lissafi, har na iya rubuta awon mutane a littafi maimakon in riƙe a ka. Yarinyar nan kuwa sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba na kama sunanta, Uwata na ke ce mata, haka kuma zan kira ta cikin wannan labari.

Kowa ya san yadda al'adarmu ta raba nauyin aure. Sadaki da lefe da wurin zama na miji ne, amma abin da za a zuba cikin ɗaki, tun daga gado har ludayi, a wuyan iyayen yarinya ya ke. Wannan kaya kuwa kullum daɗa nauyi ya ke yi. Kakanninmu da ƙorai suka yi jere. Daga baya aka koma tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka yi suna a kansu. Sa'an nan kwanonin langa masu zanen furanni suka shigo, da kwalla da kumbo da samira, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayansu tangaran ya zo cikin kabad mai gilashi. Yau kuwa sai gado da wadirob da madubi masu launi ɗaya, da kujeru, da kafet, da labule, da firji, da talabijin. Kowane zamani ya zo da nasa ya ture na baya waje, alhali kuwa na bayan lafiyarsa ƙalau.

A kan wannan hali sai ga tsada. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kome na kasuwa ya bi ta a guje. Nauyin kayan ɗaki kuwa har hukuma ta san da shi. Tun 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta fara haɗa auren zawarawa, a watan Oktoba na 2023 kuma gwamnatin jiha ta aurar da mata 1,800 a lokaci ɗaya, ta ba su gado da katifa. Da abin mai sauƙi ne, da ba a kai ga haka ba.

An sa mana rana bayan Ƙaramar Salla. A watan Disamba na ɗauki littafina da alƙalami na shiga wurin kafintoci ina tambaya. Gado da wadirob da madubi kaɗai aka ce mini naira 900,000, ban da kujeru, ban da katifa, ban da kayan girki. Na koma gida na haɗa abin da na tara, da adashin uwargida, da kuɗin tumaki biyu da za mu sayar, da abin da na ke sa ran samu a ɗinkin Salla, duka suka tashi naira 450,000. Na rubuta wancan a sama, wannan a ƙasa, na ɗebe. Da can, kafin in iya rubutu, in lissafi ya ƙi sai in kau da kai in ce Allah zai kawo. Amma alƙalami ba ya jin kunyar kowa, abin da ya gani shi ya ke faɗa.

Hanya uku ce a gabana. Ko in ci bashi, ko in ɗaga aure, ko in sayar da 'yar gonar da na gada a ƙauye, wadda daga ita mu ke samun geron da ke kai mu rabin shekara. Na kuwa ga abin da ya sami wani maƙwabcina. Shi gonarsa ya sayar ya yi wa 'yarsa kaya na gani na faɗa, aka yi mako guda ana zancensa a unguwa. Damina biyu ba ta cika ba rufin ɗakin ya yi yoyo, gadon ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi a cikin shayi, domin ashe ba katako ba ne, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Gado ya tafi, gona ta tafi, yau da mudu ya ke awo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina cikin wannan zulumi, ran nan ƙarfen takin kekena ya karye, na tafi Ƙofar Ruwa, inda a ke cinikin ƙarafa sababbi da tsofaffi, neman wanda zai liƙa mini. Ina jira sai idona ya faɗa kan wani gadon ƙarfe mai rumfa an jingine shi a bango, duk ya yi ja da tsatsa. Irinsa ne sak mahaifiyata ta kwanta a kai har ta bar duniya. Na matsa na girgiza shi, ko motsi bai yi ba. Na kankare tsatsar da kan mabuɗi, sai ga ƙarfe baƙi mai kauri a ƙarƙashi. Na tambayi kuɗinsa, aka faɗa mini abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba. Tun daga nan har gida tunani ɗaya na ke yi: in gado ya samu haka, me zai hana sauran?

Da na gaya wa uwargida sai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ni ban ƙi ba, amma bakin mata fa?" Kwana biyu ba a yi ba sai ga yayata ta iso, mayafi a kafaɗa, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Kai yanzu 'yar fari, mai sunan Inna, ita za ka yi wa jere da kwance? Me dangin miji za su ɗauke mu? Araha fa ba ta ado."

Na ce, "Yaya, zanen aro ma ba ya rufe katara."

Ta ce, "To, wane ne bai ci bashi ba? Bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Maganar Yaya ba ta dame ni kamar shirun yarinyar ba. Ta ji abin da a ke ciki, ta daina cin abinci sosai, uwarta ta ce da dare tana jin ta tana kuka ƙasa-ƙasa. Ban ga laifinta ba. Ta shiga ɗakunan ƙawayenta ta gani, ta kuma san ranar jere hotunan ɗakinta za su zaga wayoyin mutane kafin ita kanta ta taka shi. Wata rana bayan lisha na sa aka kira mini ita, ta zauna daga bakin ƙofa kanta a sunkuye. Na miƙa mata littafin na ce, "Uwata, kin fi ni boko, duba mini wannan lissafi, ko na yi kuskure." Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Baba, babu kuskure." Na ce, "To, in sabo ki ke so, gobe in sa gonar a kasuwa, ba kuwa zan riƙe ki a zuciya ba." Na san na ɗora mata abin da ya fi ƙarfin shekarunta, har yanzu kuwa in na tuna sai in ji nauyi. Ta goge ido ta ce, "A bar gonar, Baba, ƙannena na ci a ciki. Abu biyu kawai na ke roƙo. Katifa ta zama sabuwa, launin ɗakin kuma a bar ni in zaɓa." Ta zaɓi shuɗi da fari. Daga ranar aikin ya zama namu mu uku.

Akwai wani tsohon kafinta a unguwarmu, hannunsa ya fara rawa amma idonsa na nan. Shi na roƙa ya riƙa raka ni. Ya ce mini, "Tela, fenti riga ne, jiki za ka duba." Ya koya mini in ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, in ya yi ƙara kamar ganga, to gara ta cinye cikinsa. In dubi ƙasan kaya, in na ga ƙananan huji da gari kamar na tuwo yana zuba, ƙwaro na ciki yana aiki. In ɗaga gefe ɗaya in ji nauyi, in jawo aljihun tebur in ga ko haƙora aka yanka wa katakon aka haɗa, ko ƙusa kawai aka buga. Da wannan ilmi muka sami wadirob ta hannun wani dillali, a gidan wani tsohon ma'aikaci da 'ya'yansa ke rabon gado. Ƙofa ɗaya na lilo, fenti hawa uku a kanta, mutum huɗu suka ɗauke ta da ƙyar. Da muka kankare sai ga jan katakon maɗaci yana ƙyalli. Tsohon ya shafa shi da tafin hannu ya ce wannan zai binne mu duka. Muka sake ƙarfen ƙofar, muka goge da sanfefa mai kaushi, sa'an nan mai laushi, muka shafa man katako sau biyu. Ba mu sa mata fenti ba ko ɗigo.

Gadon ƙarfen kuwa a zaure na yi aikinsa. Na kankare tsatsa da burushin ƙarfe, na bi da sanfefa, na goge da tsumma mai kananzir, na bar shi ya bushe. Na fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sa'an nan fari sau biyu, siriri siriri, da kwana guda a tsakani. Lokacin hunturu ne, saboda haka na kan yayyafa ruwa a ƙasa in rufe ƙofa, don kada ƙura ta manne. Ga wani gargaɗi da na ji a rediyo na kuma kiyaye. Tsohon fenti ya kan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da ya ke can daga dutsen zinariya ta fito. Don haka in za ka kankare tsohon fenti, jiƙa shi tukuna, ɗaure hancinka, kori yara, ka kwashe abin da ya zuba ka binne.

Kada ku ce kome daidai ya tafi mini. Wata rana na fita ni kaɗai, na ga kujeru uku masu laushi a bakin titi, yadinsu kamar ba a taɓa zama ba, kuɗinsu kuwa kamar kyauta. Kwaɗayi ya hana ni jiran tsohon kafinta, na biya na kai gida. Kwana uku yara suka tashi da ƙuraje. Muka farke ƙasan kujera, sai ga kuɗin cizo cunkus a kowane lungu, da baƙaƙen ɗigo-ɗigo na kashinsu. Wannan ƙwaro ya kan yi watanni bai sha jini ba yana nan da ransa, cikin soso kuwa ba ka iya kai masa. Dole muka yaye yadin da soson muka ƙone, muka kwarara wa katakon tafasasshen ruwa a kowace gaɓa har sau uku, muka bar shi mako biyu a rana. Na sayi sabon soso na ɗinka riguna da kaina. In aka haɗa duka, kujerun nan sun ci kusan ninkin abin da na yi tsammani, ban da kwanakin da muka yi muna shanya tabarmi da tufafi. Yaya ta zo ta gani ta ce, "Ban faɗa ba?" Ran nan ba ni da amsa. A kan kujerun nan maganarta gaskiya ce.

Sauran kayan ado kuwa yawancinsu a cikin gidana su ke, idona ne bai gan su ba. A bayan ɗaki akwai ƙafar kekena na fari, wanda kansa ya mutu tun da daɗewa, ƙarfe mai zanen rassa kamar an saƙa. Da shi na ciyar da yarinyar nan tun tana goye. Muka wanke shi muka yi masa farin fenti, kafinta ya ɗora masa falle ɗaya na katako, muka kafa madubin da na sayo a hannun masu yankan gilashi, ya zama teburin kwalliya. Tsohon akwatin ƙarfe na uwargida ya sha shuɗin fenti, na ɗinka masa matashi daidai bakinsa, ya zama wurin zama a sama, ma'ajin zannuwa a ciki. Wani turmi da ya tsage a gindi muka kankare muka kife, aka sami wurin ɗora kaskon turare. Gwangwanayen madara 12 muka wanke muka shafe, na yanka takarda na rubuta da hannuna: gishiri, kanwa, daddawa, barkono, citta, kanumfari, masoro, kuka, har zuwa ƙarshe. Ban taɓa jin daɗin iya rubutu kamar ranar ba.

A sana'ata kuwa ƙyalle ba ya yankewa. Na zazzage buhu biyu na guntayen shadda da atamfa, Uwata ta tsince masu shuɗi da masu fari. Muka wanke su tukuna, domin wani yadi ya kan zuba, wani ya kan tsuke, gara ya yi halinsa kafin a haɗa shi da ɗan'uwansa. Na yanka kwali mai inci 6 kowane gefe, da shi muka auna kowane ƙyalle, mai kauri da mai kauri, marar kauri da irinsa. Dare goma na yi ina haɗawa bayan na tashi daga aikin mutane, aka sami shimfiɗar gado da rigunan matashi huɗu. Labule kuma a Ƙofar Wambai uwargida ta zaɓo fararen zannuwan gado na gwanjo, na auduga zalla, domin roba ba ta shan baba. Na kai su karofin Ƙofar Mata, wanda a ke cewa tun 1498 a ke rini a cikinsa, aka tsoma su har suka yi shuɗi mai duhu, aka kai mabuga suka fito suna walƙiya. Faya-fayai shida na sayo a Kurmi don bango.

Abu na ƙarshe shi ne tasoshin mahaifiyata guda tara, waɗanda suka yi shekaru a ƙarƙashin gado cikin buhu, sun yi baƙi ƙirin. Sau biyu 'yan gwangwan suna tayawa da awon kilo, Allah ya hana ni sayarwa. Uwargida ta jiƙa tsamiya ta haɗa da toka, ita da yarinyar suka zauna suka dirje su da soso, suka ɗauraye suka goge nan take. Sai ga zanen maƙeri ya fito, tasa na ɗaukar ido kamar zinariya. Don ado kawai aka kai su, gama tagulla ba ta son a ajiye abinci mai tsami a cikinta.

To, akwai abin da ban yarda in saya na hannu ba, ina kuma ba ku shawara ku ma kada ku yarda. Katifa da matashin kai sababbi na saya. Tukwanen girki sababbi ne, daga kasuwar Rimi. Jarka ko duro da ba ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, kada ka sa ruwan sha, wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari kuwa ko sau nawa aka wanke shi bai wanku ba. Sa'an nan a kiyayi kayan sata. In yaro ya tare ka a lungu da abu mai daraja yana neman kuɗin cefane, wuce abinka. Ni duk abin da na saya a rumfar da aka sani na saya, ko ta hannun dillalin da ke da mai tsaya masa, na kuma sa aka rubuta mini rasit, na karanta da kaina kafin in biya. Wannan ma wata riba ce ta zaman da muka yi a aji.

Cikin wannan yawo na ga wani abin da ya tsaya mini a rai. Wata dillaliya ta kawo wa uwargida farantan tangaran a cikin kwalinsu, ko buɗewa ba a yi ba, a rabin kuɗin kanti. Uwargida ta tambaye ta dalili, ta ce na wata amarya ne, wata biyar da aure, masu bin ubanta bashi sun matsa, ana fitar da kayan ɗaya ɗaya da dare don kada maƙwabta su gani. Mun saya, amma ban ji daɗin sayen ba. Daga ranar na lura, da yawa daga abin da ke cika rumfunan 'yan gwanjo sabon wani ne na jiya, wanda aka saya don ganin ido.

Ranar jere mata suka tafi da kaya, ni ina gida ina jiran labari kamar mai jiran hukunci. Da magariba uwargida ta dawo ta ba ni duka, mai daɗi da marar daɗi. Ta ce wata daga dangin ango ta ɗaga shimfiɗa ta ga ƙarfe, ta yi shewa ta ce, "A'a, gadon kakanni!" wasu suka yi dariya. Amma kakar ango, tsohuwa mai sanda, ta zauna gaban tasoshin ta ɗauki ɗaya tana juyawa, ta ce ita ma da irinsu aka kai ta, ta ba da su aka ba ta robobi, robobin sun fashe tun ba a je ko'ina ba. Ta ce a gaya wa uban yarinya ya san abin da ya ke yi. Yaya kuwa, wadda ta ce araha ba ta ado, ita ce ta tsaya tana nuna wa mutane tana cewa, "Ai na Innarmu ne, takwararta ta gada."

Ba zan ce muku kowa ya yaba ba. An yi zancenmu a unguwa, wasu sun ce rowa ce, maganar ta kai kunnen yarinyar ta kuma yi mata zafi. Amma bayan mako biyu aka yi wani biki, bakuna suka koma can. Da na rufe littafina, abin da na kashe duka, har da asarar kujeru, naira 438,000 ne. Geron da aka haɗa a gara daga gonar nan ya fito. Na kwana ranar ba mai bina ko kwabo.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ba wani sabon abu na ƙago ba. Mu mutane ne da muka ba mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya suna na kansa, muka ce masa gyartai. Mu ne muka mai da gwangwani fitilar aci-bal-bal, muka yanka tsohuwar taya muka yi takalmi, muka ɗinke tiyub ya zama guga, muka warware buhu muka tufka igiya. Iyayenmu ba su ɗauki wannan abin kunya ba, dabara suka ɗauke shi. Kunyar daga baya ta zo mana, sa'ad da muka fara auna darajar ɗaki da kuɗin da aka kashe, muka bar auna ta da tsabta da ƙarko da kwanciyar ran mai shi.

A shekarar 2025 Allah ya sauki Uwata lafiya, bayan ta koma ɗakinta na je ganin jika. Na tarar gadon na nan fari tas, wadirob ko gezau, tasoshi suna walƙiya, alamar ana bin su da tsamiya. A bango kuma na ga abin da ba ni na yi ba. Wani tsohon aljihun tebur ne ta samo, ta shafe shi da shuɗi, mijinta ya kafa mata, ta jera littattafanta a ciki. Ta ga ina kallo sai ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Baba, a bola maƙwabta za su zubar, na roƙa."

Saboda haka, 'yan'uwa, ban ce magabata sun yi ƙarya ba. Araha ba ta ado in an saye ta da ido rufe, kamar yadda na sayi kujerun nan, ko aka bar ta yadda aka same ta. Amma in an duba da kyau, aka sa mata hannu da haƙuri, tana ado har ta yi ƙarko. Wanda duk ke da irin wannan nauyi a gabansa, ya ɗauki littafi da alƙalami tukuna, ya rubuta abin da ke hannunsa, ya nuna wa iyalinsa. Sa'an nan ya leƙa ƙarƙashin gado da bayan ɗaki kafin ya nufi kasuwa. Allah ya rufa mana asiri, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin.